Faransanci a Takarda, Hausa a Baki: Sharhi a kan Takardun Taimakon Aikin Gida na Tarihi, Labarin Ƙasa da Tarbiyyar Ɗan Ƙasa a Tawa da Arewacin Adar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin Tawa bayan sallar isha'i, a lokacin da jarrabawar BEPC ta gabato, zai tarar da ƴan makaranta a zauruka da gindin fitilun titi, kowa riƙe da takarda yana maimaita abin da ke ciki da ƙarfi. Takardun nan iri uku ne. Akwai taƙaitaccen darasin da malami ya yi shiftarsa a aji, wanda ake kira « résumé ». Akwai tambayoyin jarrabawar shekarun baya tare da amsoshinsu, watau « annales ». Sa'an nan akwai ƴan takardun da masu koyarwa a gida, « répétiteurs », suke haɗawa da kansu su raba wa yaran da suke kula da su, waɗanda a ƴan shekarun nan hotunansu suke yawo daga waya zuwa waya ta WhatsApp. Da waɗannan ne ɗan kwaleji yake yin aikin gida na tarihi, da labarin ƙasa, da tarbiyyar ɗan ƙasa.

Su ne abin da za mu yi sharhi a kai a cikin wannan maƙala, bisa ga waɗanda muka karanta a hannun yaran dangi da na maƙwabta a Tawa da wasu garuruwa na arewacin Adar, da kuma abin da muka ji da kunnenmu sa'ad da ake yi wa yaran bayani. Duk takardun da Faransanci aka rubuta su. Amma da zarar yaro ya ce bai gane ba, wanda ke taimakonsa, wa ne ko ya ko malamin dare, sai ya juya zuwa Hausa. Ashe aiki biyu ake yi a tabarma guda: hadda da Faransanci, fahimta da Hausa. Takardun sun yi tanadin na farko. Na biyun kuwa ba wanda ya shirya shi, ba wanda ya duba shi, kowa yana fassarawa yadda bakinsa ya kama.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin 2010 ya sanya Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko ba daɗe ko ba jima za a nemi masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci su kawo kayan karatu da Hausa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki takardun nan a juya su kalma da kalma. Nufinmu shi ne mu nuna dalilin da ya sa wannan hanya ba za ta ɓulle ba.

2. Abin da takardun suka yi daidai

Kafin suka, ya kamata a faɗi gaskiyar amfaninsu. A gidan da babu littafin makaranta ko ɗaya, takarda mai shafi biyu ta fi babu nesa ba kusa ba. Suna da araha, suna shiga aljihu, yara uku suna iya karanta guda. Jarrabawa kuma da Faransanci ake yin ta, don haka yaron da ya riƙe jimlolin yadda suke ba a banza ya wahala ba. Masu haɗa su da yawa malamai ne ko ɗaliban jami'a da suka san irin tambayar da ake yi, sun kuma iya rage darasi mai tsawo ya koma layi goma ba tare da an ɓata ranaku da sunaye ba. A wajen shekaru da jerin sunaye, kurakuran da muka gani kaɗan ne.

Aibinsu yana wani wuri dabam. An rubuta su kamar yaron da zai karanta ba shi da harshe kafin ya shiga aji, ba shi da gari, ba shi da kaka mai ba da labari. Za mu bi fannonin uku ɗaya bayan ɗaya.

3. Tarihi

3.1. Lissafin lokaci. Takarda tana cewa « XVIIe siècle », mai bayani ya ce « ƙarni na goma sha bakwai », a wuce. Amma yaro bai san dalilin da ya sa shekarar 1674 ta faɗa cikin ƙarni na 17 ba, ga shi kuwa da 16 ta fara. Ba mu ga takardar da ta tsaya ta warware wannan ba, alhali layi biyu sun isa. Daɗin daɗawa, a gida ba da ƙarni ake auna zamani ba. Ana cewa zamanin sarki wane, ko kafin zuwan Nasara, ko shekarar yunwa kaza. Yunwar 1913 zuwa 1914 sunanta Kakalaba. Ta 1984 kuwa a ƙasar Hausa ta Nijar ana kiranta El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari. Waɗannan sunaye turaku ne da aka riga aka kafa a cikin tunanin iyali. Mai taimako da ya ɗaura shekarun takarda a jikinsu, ya ce yaƙin duniya na farko ya tashi ne a shekarar Kakalaba, ya ba yaro igiyar da zai riƙa jawo sauran.

3.2. Kalmomin mulki. Takardun suna amfani da « empire », « royaume », « État », « sultanat », « chefferie », « canton », kowace da ma'anarta. A bakin masu bayani duk sukan koma « sarauta » ko « ƙasa ». Sai yaro ya ɗauka daular Songai, da sarautar Agadas, da sarkin kanto na garinsu abu ɗaya ne, girma kawai ya bambanta. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai daula, akwai masarauta, akwai mulki, akwai iko, akwai hukuma. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna ya raba musu aiki. Haka « tribut » da « impôt » suke haɗewa su zama « haraji », ko da yake abin da ƙauyen arewacin Adar yake ba Abzinawa a ƙarni na 19 don ya zauna lafiya, da « lanho » da Faransawa suka aza a kan kowane kai, ba tushensu ɗaya ba.

3.3. Azna. Inda takarda ta ce « animistes », mai bayani yakan ce « arna » ko « azna », yaro kuma ya ji zagi. A Hausar Kano « arne » ya fi karkata ga wanda ba Musulmi ba. A Adar kuwa « Azna » suna ne na tsofaffin mazauna ƙasar, kuma binciken da aka yi ya bambanta Aznan ramu, waɗanda ake cewa a nan aka tarar da su, da Aznan mahalba da suka zo daga baya. Ita kanta Tawa daga ƙauyukan Azna biyu ta tashi, Bilbis da Fakuwa. Yaron da aka koya wa cewa kalmar ba ta nufin kome sai kafirci, an koya masa ya ji kunyar waɗanda suka kafa garinsu.

3.4. Adar da ba ta cikin takarda. Wannan shi ne giɓi mafi girma. Yaran sun haddace Gana da Mali da Songai da Barno, sun san juyin juya halin Faransa na 1789. Amma mun tambayi waɗanda suke wucewa ta ƙofar makarantar da ke ɗauke da sunan Agabba a Tawa ko wane ne shi, amsar ba ta wuce « wani sarki » ba. Agabba kuwa ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak ne. Shi ya karya ikon Kabi a kan Adar a 1674, ya hau sarautar Agadas daga baya, aka tuɓe shi a 1721, ya koma Adar, inda zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Adar wadda mazauninta ya zama Illela. A ƙarni na 19 ƙasar ta shiga tsakanin masu ƙarfi uku: Sakkwato ta kudu, Kel Geres ta kudu maso gabas, da Iwillimmidan na gabas, watau Kel Dinnik, ta arewa. A 1901 Kel Geres suka gwabza da sojan Faransa a Galma.

Ba a ɓoye wannan tarihi yake ba. A shekara guda, 1975, cibiyar binciken IRSH ta Yamai ta buga littattafai biyu a jerin « Études Nigériennes ». Na Djibo Hamani, « L'Adar précolonial », lamba 38, ya bi zaren sarauta da yaƙe-yaƙe. Na Nicole Echard, « L'expérience du passé », lamba 36, ya bi zaren ƙauyuka da dangogi da ƙaurace-ƙauracen manoma. A 2015 Benedetta Rossi ta ƙara da nata littafin a kan bauta da aiki da ayyukan raya ƙasa a yankin Keita daga 1800 zuwa 2000. Wani babban rabo na abin da ke cikin littattafan nan daga bakin tsofaffin Adar aka ɗauke shi, da Hausa. Aka juya shi zuwa Faransanci ko Ingilishi, aka ajiye a ɗakin karatu. Yau jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, amma jikokin waɗanda suka ba shi labari ba su da shafi goma na wannan labari a cikin harshen da aka ba da shi. Wannan laifi ba na masu haɗa takardun dare ba ne. Namu ne, mu masu bincike.

4. Labarin ƙasa

A nan abin ya fi ban mamaki, domin fannin da yaron Adar ya fi kowa sani shi ne ake koya masa kamar baƙo. Takarda tana kawo « plateau », « glacis », « dune », « bas-fond », « mare », « érosion », a ce ya haddace ma'anarsu. Mai bayani da ya taso a birni yakan tsaya a « tudu » da « kwari ». Manomin Adar kuwa yana da kalma ga kowane mataki daga saman dutse zuwa gindin kwari: dabagi a sama, fako inda ƙasa ta daskare ruwa ba ya shiga, jigawa inda rairayi yake ana shuka hatsi, fadama a ƙasa inda ake dawa da albasa, tabki inda ruwa yake kwanciya. Kowace kalma tana ɗauke da sanin abin da ake shukawa, da lokacin da ake shukawa, da yadda ruwa yake gudu. Yaron da ya taɓa bin ubansa gona ya riga ya san darasin. Suna kawai ake sauya masa.

Mun ga yaro yana maimaita « Ader-Doutchi-Maggia » har sau da yawa, bai lura cewa « Doutchi » ɗin nan dutsin da yake gani kullum ba ne, an rubuta shi da rubutun Faransanci, « Maggia » kuma Majiya ce. Haka « goulbi » na takarda gulbi ne na Hausa, « dallol » kuma daga Fulatanci aka aro shi. Masu labarin ƙasa na Faransa da kansu sun ga ba su da kalmar da ta dace, suka ara daga harsunan ƙasar. Yaron ne kaɗai ba a gaya wa cewa kayan gidansu ne aka mayar masa ba.

Misalan da za a koyar da su kuma suna bakin ƙofa. Darasin zaizayar ƙasa da gyaranta ba ya bukatar a je nesa: tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu tare iska a kwarin Majiya, a 1984 aka buɗe babban aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, inda mata suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci, a yankin Illela da Badagishiri kuma ramukan tassa sun mayar da fako gona. Kakannin yaran da iyayensu mata ne suka yi wannan aiki da hannunsu. Darasin yanayi yana da dokar 26 ga Mayu 1961, wadda ta ja iyakar noma ta arewa, ta ware ƙasar makiyaya. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Abalak ta Tabalak ya ga yadda gonaki suke raguwa har su ba da wuri ga kiwo, ya kuma ji labarin rigimar manomi da makiyayi. Darasin tattalin arziki yana da albasar Galmi da simintin Malbaza.

Kalma guda ta isa ta nuna haɗarin fassara kai tsaye. Takardun suna kiran tafiyar samari « exode rural », suna jera ta a cikin matsaloli. Wanda ya fassara ta da « gudun ƙauye » ya faɗi abin da ba Ba'adare da zai yarda da shi. A Adar ana cewa an tafi biɗa, ko cin rani: mutum ya tafi Abijan ko Nijeriya ko Libiya ya nemo, ya aiko, ya komo. Kalmar Faransanci tana kallon wanda ya bar gida. Ta Hausa tana kallon abin da ya tafi nema da ranar komowarsa. Yaron da kuɗin biɗar ubansa ne suka saya masa takardar da yake karantawa ya cancanci a nuna masa kallon biyu, sa'an nan a bar shi ya auna.

5. Tarbiyyar ɗan ƙasa

5.1. « Ƙasa » da « ɗan ƙasa ». Kalmar « ƙasa » ita kaɗai tana ɗaukar « sol », « terre », « pays », « territoire », « nation », wani lokaci har « État ». Wata rana a wani gida a Tawa, yarinya ƴar ajin ƙarshe na kwaleji ta tambayi wanta: « Yaya, mi aka nuhi da citoyen ? » Ya ce mata ɗan ƙasa. Kakarsu tana gefe tana jin su, sai ta ce: « Ke kishiya, mu ba ƴan ƙasa ba na. Kakanninmu daga Azbin sunka taho. » Aka yi dariya, aka ci gaba da hadda. Tsohuwar ba ta yi kuskure ba. A tsohuwar maganar Adar da Arewa, ƴan ƙasa su ne zuriyar waɗanda suka fara zama, masu alƙawari da iskokin wurin, ana bambanta su da baƙi da kuma gidan sarauta. Ma'anar da darasi yake so akasin wannan ce: duk wanda doka ta ba shi ƙasar, ko yaushe kakansa ya zo, daidai yake da kowa. Kalmar « ɗan ƙasa » ta riga ta zauna a rediyo, ba mai iya tumɓuke ta, kuma ba ma neman a yi haka. Abin da muke nema shi ne duk takardar da ta kawo ta, ta faɗi ma'anar biyu a fili. A nan ne ma darasin yake.

5.2. « Ƴanci » da « ɗiyauci ». Haka abin yake ga « liberté » da « souveraineté ». A Hausar yamma, ɗiya shi ne wanda ba bawa ba, ɗiyauci kuma asalinsa matsayin haihuwa ne. A arewacin Adar, inda har yau ana tuna asalin kowane gida idan maganar aure ta taso, kuma kalmar « Buzu » takan ɗauki nauyin da ba ta da shi a Kano, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Takardun suna jera haƙƙoƙin ɗan Adam kamar jerin koguna. Ba mu ga wadda ta ambaci dokar 2003 da ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka a Nijar ba, ko hukuncin da kotun CEDEAO ta yanke ranar 27 ga Oktoba 2008 a shari'ar Hadijatou Mani, wadda a cikin jahar Tawa abin ya faru. Mai bayani da ya ce « ƴanci » ya wuce, ya bar yara biyu a tabarma guda kowa da abin da ya ji a ransa.

5.3. Sunayen hukumomi. Uban da ya yi makaranta a shekarun 1970 ya san « département de Tahoua » a matsayin dukan yankin, da « préfet » a kansa, da « arrondissements » a ƙarƙashinsa. Bayan gyaran farkon shekarun 2000, wancan ya zama « région » mai gwamna, sunan « département » ya sauka mataki guda. A 2011 aka ƙara Bagaruwa, Malbaza, Tasara da Tiliya, suka zama 12 a jahar. Idan wannan uba ya taimaki ɗansa, kalma ɗaya suke faɗa, abu biyu suke nufi. A Hausa kuma ana jin jaha, gunduma, da'ira, yanki, har da « kwamanda » na zamanin Nasara, ba tare da an tsayar da wace ce ta wane mataki ba.

5.4. Takardun da suka tsufa. Ba takarda ko ɗaya da muka gani mai ɗauke da ranar da aka rubuta ta. A tarihin Songai wannan ba kome. A tarbiyyar ɗan ƙasa kuwa illa ce babba. An dakatar da tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 a watan Yuli na 2023. An rushe majalisun garuruwa da na jahohi a watan Afrilu na 2024. Nijar, da Mali, da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a watan Satumba na 2023, sun kuma fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025. Duk da haka hotunan tsofaffin takardu suna ta yawo a waya, yara suna haddace hukumomin da babu su a matsayin masu ci. Sanin tsarin 2010 yana da amfani, amma a matsayin tarihi, da shekarunsa a jiki.

6. Wace Hausa?

Idan an yarda a rubuta bayanin, sai tambayar kari ta taso. Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991, tana da kamanninta: « hw » da « h » a inda Kano take da « f », kamar hwadama da tahiya, « munka » da « sunka » a maimakon « muka » da « suka », « na » da « ta » a maimakon « ne » da « ce », « wanga » a maimakon « wannan ». Ƙa'idar rubutu kuma tana da tarihinta, daga taron Bamako na 1966, zuwa taron Yamai na 1980 na daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, zuwa ƙudurin ma'aikatar ilimi na 1999. Ra'ayinmu shi ne a rubuta jimla da daidaitacciyar Hausa, domin takardar ta yi amfani a Maraɗi da Damagaram, amma a bar kalmomin ƙasa da na zaman jama'a yadda Adarawa suke faɗarsu, a sa na sauran wurare a gefe. Wanda ya goge « biɗa » ya sa « ƙaura » don neman daidaito ya zubar da abin da ake nema.

Sa'an nan kada a manta cewa daga Tawa zuwa arewa ba Hausa kaɗai ake ji ba. A Abalak da Cintabaradan da Tasara akwai yaran da harshen gidansu Tamajak ne, ko Fulatanci, ko Larabci. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma. Idan Hausa ta zama wa ɗan makiyayi abin da Faransanci ya zama wa ɗan manomi, to, an sauya mai kaya ne kawai, kayan suna nan a kan yaro.

7. Kammalawa da shawarwari

Gwajin koyarwa da harshen gida a Nijar ya fara tun 1973 a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta. Amma ƙoƙarin ya fi tsayawa a firamare, a kan karatu da rubutu da lissafi. A kwaleji, inda ake fara yi wa yaro maganar mulki da ƙasa da haƙƙi, an bar Hausa a bakin ƙofa, ita kuwa ta zagaya ta shiga ta zaure da dare. Ga abin da muke ganin ya kamata a yi.

Na farko, kafin a ƙirƙiri kalma ko ɗaya a ofis, a je a ɗauki muryar masu bayani a Tawa, da Keita, da Illela, da Abalak, a rubuta yadda suke juya kowace kalma. A cikinsu akwai masu hikima da sun riga sun samo mafita, ba wanda ya tambaye su.

Na biyu, a shirya ƙaramin ƙamus na fannonin uku, kowace kalmar Faransanci da takwararta ta Hausa, da ta Adar idan ta bambanta, da misali guda daga yankin, da gargaɗi a inda ma'anoni suka saɓa, kamar ɗan ƙasa da ɗiyauci da Azna. Yaro zai ci gaba da bukatar kalmar Faransanci muddin da ita ake jarrabawa, don haka a ajiye su gefe da gefe.

Na uku, masana tarihi na jami'ar Tawa da na IRSH su fitar da ɗan littafin tarihin Adar da Hausa, a rubuta shi sabo daga abin da bincike ya tabbatar, a karanta wa tsofaffi su ji kafin a buga.

Na huɗu, kowace takardar tarbiyyar ɗan ƙasa ta ɗauki wata da shekarar da aka rubuta ta a saman shafi.

Na biyar ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. An daɗe ana kukan cewa wanda ya gama ajin manya ba ya samun abin karantawa, har ya manta abin da ya koya. Ga abin karantawa. Uwar da ta iya karanta shafi biyu da Hausa a kan aikin Keita, wanda ita da kanta ta ɗauki duwatsunsa, za ta iya zama kusa da ɗiyarta da dare ta ce mata ga yadda aka yi. A yau ana lissafa irin wannan uwa cikin waɗanda ba su iya taimakon yaro da aikin gida ba, alhali a darasin ranar ta fi takardar sani.